Hanyar zama likitan hawan jinin ido

Ƙanena, ka tambaye ni ta ina za ka bi ka kai inda nake. To, ka ɗaura ɗamara, tafiyar doguwa ce.

Shekara 6 ne karatun likitanci, kamar yadda na yi a Jami'ar Jos. Daga nan sai shekara 1 ta aikin horo a asibiti, sai bautar ƙasa. Kada ka jira; tun kana bautar ƙasa ka fara shirin jarrabawar farko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma ko ta Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Najeriya. Idan ka ci, nemi gurbin horon ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Wannan zai ci kusan shekara 5. Ƙwarewa a gilakoma, wato hawan jinin ido, kuwa ƙarin shekara 1 ko 2 ce, wasu kan tafi asibitin ido na Aravind a Indiya.

Amma ga abin da nake so ka riƙe. Koyi duba jijiyar gani da idonka, kada ka dogara ga awon matsin ido kaɗai. Matsin lafiyayyen ido kan tsaya tsakanin 10 zuwa 21, duk da haka na ga dattijai daga Bukuru da Gangare da lambarsu ke daidai, jijiyar kuwa ta lalace. Ganin da cutar ta cinye ba ya dawowa, ba kamar yanar ido ba. Don haka ka koyi zama da majinyaci da haƙuri: "Baba, wannan maganin ɗigawa ne kullum, ko ba ka jin ciwo, kuma ka turo mana 'ya'yanka da ƙannenka a auna su."