Yadda Ake Ba Dashen Gawo da Dakwara Taki Ba Tare da Hana Saiwa Yin Ƙululai Ba

Masu renon itatuwa da yawa a Marwa da Garwa da ke arewacin Kamaru suna ɗaukar ganye kore shar a matsayin shaidar lafiyar dashe, saboda haka sukan yi ta barbaɗa yuriya a cikin ledoji. Ga gawo, dakwara, bagaruwa da kirya wannan ɓarna ce, domin suna da tasu hanyar samun naitirojin. Kashi 78 cikin ɗari na iska naitirojin ne, amma tsiro ba ya iya amfani da shi kai tsaye, sai ta hanyar wasu ƙwayoyin bakteriya da ake kira rizobiyam, waɗanda ke shiga saiwa su haifar da ƙananan ƙululai, su mayar da shi abincin shuka, itacen kuma ya biya su da sukarin da ganyensa ya sarrafa. Wannan ciniki yana da tsada ga itacen. Da zarar ya tarar da naitirojin a yalwace cikin ƙasa sai ya rage yin ƙululai, waɗanda ya riga ya yi ma aikinsu ya ja baya. Yuriya kuwa kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, ɗan kaɗan ya isa ya jawo haka a leda guda.

A cika ledoji da turɓaya haɗe da yashi da ruɓaɓɓen takin gida, wanda ɗan naitirojin da ke cikinsa zai riƙe tsiron a makonnin farko, kafin ƙululai su fara aiki. A kan kowace leda a ƙara ɗan ƙasar da aka ɗebo daga gindin tsohon itace irin wanda ake reno, domin a can ake sa ran samun ƙwayoyin da suka dace da shi. Irin yana da taurin ɓawo, sai a ɗan kankare gefensa, a jiƙa shi ya kwana kafin shuka. Idan ƙasar ta gaji, a ba da fifiko ga taki mai fosforas, wanda ƙululai ke buƙata sosai.

Bayan wata ɗaya zuwa biyu, a zaɓi leda biyu ko uku a yage su, a wanke saiwar a hankali cikin kwano, sannan a tsaga ƙululu ɗaya da reza. Idan cikinsa ja-ja ne kamar ɗanyen nama, yana aiki. Idan fari ne ko kore, ko dai bai fara ba ko ya daina. Dashen da ya yi tsawo da ganye mai duhu amma saiwarsa sumul, taki ne ya yi masa yawa, a dakatar da shi. Wanda ya yi ruwan ɗorawa kuma babu ƙululai, a ƙara masa ƙasar gindin itace.

Gawo yana sakin doguwar saiwa da wuri, don haka kada a bar shi ya daɗe a leda, a dasa shi da zarar damina ta kankama. Tsamiya kuwa, duk da cewa danginsu ɗaya ne, ba a saba ganin ƙululai a saiwarta ba, saboda haka ita a ci gaba da ba ta takin gida daidai gwargwado.