Idan inji ɗaya ya mutu kana sama

Duk matuƙin da ya zauna gefena a na'urar horo, maganata ta farko ita ce: ka riƙe jirginka tukuna, injin ya jira. Jet mai inji biyu an ƙera shi ne ya iya hawa ya kuma sauka da guda ɗaya.

In abin ya faru a kan titin tashi kafin gudun V1, wato iyakar gudun da za ka iya fasa tashi, janye wuta ka taka birki. In ka wuce V1 kuwa babu tsayawa, ragowar titin ba lallai ya ishe ka ba. Hancin jirgin zai karkata wajen injin da ya mutu, sai ka danna fedar jela, wadda ke juya hancin jirgi hagu ko dama, ta ɓangaren injin mai rai har ya miƙe. Ƙafarka da ta zauna ba aiki, can matsalar take. Ɗaga hanci, naɗe taya, riƙe gudun V2, wato gudun da jirgi ke hawa lafiya da inji ɗaya. Kafin tsayin ƙafa 400 kada hannunka ya kusanci makunnin mai, ko da ƙararrawar gobara na ta ihu. Kashe ƙarar kawai.

A nan ne sauri kan haifi nawa. A 1989, kusa da Kegworth a Ingila, injin hagu na wani Boeing 737-400 ya lalace, matuƙan suka kashe na dama mai lafiya, mutum 47 suka rasu. Shi ya sa ba na yarda kowa ya ja komai shi kaɗai. Ɗora yatsa a kan makunnin, faɗi lambar injin da baki, abokin tuƙinka ya duba agogunan juyi da zafi ya ce ya tabbatar, sannan ka ja. Bi takardar matakai layi-layi, ko ka haddace ta.

In kana can ƙololuwar sama ne injin ya mutu, ka bai wa injin da ya rage cikakken ƙarfin da zai iya jurewa, ka bar jirgin ya gangaro sannu zuwa tsayin da inji ɗaya ke iya riƙewa, idonka na kan duwatsun da ke ƙasa. Kira "Mayday" a rediyo, wato kiran neman agajin gaggawa, nemi filin da ya dace mafi kusa. Sake tayar da injin sai in babu gobara, babu alamar karyewa.

Wajen sauka, kana rage wuta kana sassauta fedar, domin karkatar na raguwa tare da ita. Kuma tun kafin ka fara gangarowa ku gama magana kan yadda za ku sake hawa in saukar ta ƙi.