Yadda ake haɗa kyautar Kirsimeti a gida idan aljihu ba nauyi

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk wadda ke riƙe da cefanen gida a Katsina ta san yadda kuɗi ke narkewa a hannu tun kafin a fito daga kasuwa. Ga Kirsimeti na tafe, ga ɗinkin yara, ga shinkafa da kaza, ga kuɗin motar masu zuwa gida Malumfashi ko Kafur. Idan lissafi ya ƙi fita, kyauta ake fara sokewa. Ni ban iya soke ta ba. Hajiyar da muke katanga ɗaya da ita ba ta taɓa barin Babbar Sallah ta wuce ba ta aiko min da soyayyen nama ba, to da wane ido zan dube ta ranar 25 ga Disamba? Sai na daina saye, na koma yi da hannuna. Mun kuma yi sa'a, bikin namu bayan kaka yake faɗowa, lokacin da sabuwar gyaɗa da riɗi da barkono da zoɓo suka cika kasuwa.

Fara da biro da takarda, ba da kasuwa ba. Rubuta sunan duk wanda kike son ba wa, sannan ki daure ki rage. Waɗanda suka saura ki kasa su gida uku: tsofaffi, gidaje masu yara, sai maza da samari da ɗalibai. Kowane kashi abu ɗaya za ki yi masa, da yawa, a tukunya ɗaya. Kuskuren da ke cinye kuɗi shi ne a ce Gwaggo nata daban, Kawu nasa daban, matar Fasto nata daban. Ki yanke adadin da za ki kashe tun yanzu, ki ware shi a wani ƙulli. A ce naira 15,000 ce: kusan kashi biyu cikin uku na kayan haɗi ne, sauran na gawayi da leda da tukuicin yaran da za ki aika.

Daga nan sai tara mazubi, kuma wannan tun farkon Disamba ake fara shi. Kwalaben Bama, gwangwanayen madarar gari masu murfi, ƙananan robobin man shafawa da suka ƙare. Jiƙa su a ruwan ɗumi takardar jikinsu ta saɓule, wanke da sabulu, kife su a rana su bushe ƙarau. Ɗigon ruwa ɗaya a cikin kwalba ya isa ya sa yaji ya dunƙule. Ki kuma leƙa wajen telanki ki roƙi ƙyallayen atamfa. A watan nan ɗinki ya yi masa yawa, ƙyalle kuwa shara ce a wurinsa.

Cefane a yi shi sau ɗaya, kuma kafin mako na biyu na wata ya ƙare, don satin ƙarshe kowa ya san yadda farashi ke tashi. Idan kuna da mata biyu ko uku a Zumuntar Mata ta coci masu irin wannan niyya, ku haɗa kuɗi ku sayi tiya maimakon gwangwani-gwangwani, ku raba a gida. A babbar kasuwa ki ɗebi riɗi a tafin hannu ki duba yawan ƙasarsa. Man kaɗe ki lakata ki murza a bayan hannu, mai kyau nan take yake narkewa. Ƙuli-ƙuli kuwa sai kin ɗanɗana, idan ya yi maƙaƙi a wuya tsoho ne, ki wuce gaba.

Man shafawa za ki fara yi, domin shi ne ba ya gudun jira. Wannan na tsofaffi ne, kuma duk wanda ya san hunturun Katsina, yadda yake fasa leɓe ya tsaga dunduniya, ya san ba ƙaramar kyauta ba ce. Ki auna man kaɗe kofi biyu, man kwakwa ko man zaitun rabin kofi. Ɗora tukunya da ruwa kaɗan a wuta, ki sa kwanon silba a bakinta, ki zuba man kaɗen a cikin kwanon, tururi ya narkar da shi a hankali. Kada ki ɗora shi kai tsaye a kan wuta. Da ya narke ki sauke, ki tace da ƙyalle mai tsabta saboda dattin da ke kwanciya a ƙasa, ki zuba ɗaya man ki juya. Ajiye shi a wuri mai sanyi har gefensa ya fara daskarewa, tsakiya da sauran laushi. A nan ne aikin yake: ki sa maburgi ko cokali mai yatsu ki yi ta bugawa har ya yi fari ya tashi kamar man shanu. Bugun ne ke ƙara masa auki, shi ne kuma ke hana shi yin tsaki-tsaki. Idan kina so ki ɗiga turaren mai kaɗan, amma na jarirai da masu fata mai saurin ƙaiƙayi a bar shi haka nan. Ruwa kada ya kusance shi ko kaɗan.

Na maza da ɗalibai ba shi da wata wahala, yajin ƙuli ne. Ƙuli-ƙuli gwangwani huɗu, busasshen barkono gwangwani ɗaya ko ƙasa da haka, citta 'yar daidai, kanumfari da masoro kaɗan, gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Shanya kayan ƙamshin a rana su yi ƙaras, ki daka su tare da barkono, ki daka ƙuli daban, sannan ki haɗa ki tankaɗe. Ki yi dakan a tsakar gida, ki ɗaure hanci, in ba haka ba atishawa za ta tara miki maƙwabta. Ɗalibin da zai koma makarantar kwana a watan Janairu ya fi kowa sanin darajar kwalbar nan, ko garin kwaki ya samu ya kwaɗa da ita ya wuce wurin.

Kantun riɗi shi ne na gidaje masu yara, kuma shi ne za ki bari sai saura kwana uku ko huɗu. A nan zan ɗan daɗe, don a nan na sha kunya. Shekarar da na fara yi, ganin riɗin fari tas ya sa na ce ba sai na rege ba. Da aka kai wa surukata ta gutsura, sai ta ce wa yaron, "Ka ce wa uwarka na gode, amma haƙoran da suka rage min ina son abina." Har yau ana tsokanata da maganar. Saboda haka ki wanke riɗi gwangwani huɗu, ki rege shi a ƙwarya kamar yadda ake rege shinkafa, sau biyu ma, ki baza a tire ya bushe sosai. Soya shi a busasshiyar tukunya da wuta kaɗan, kina juyawa ba tsayawa, har ya fara tsalle yana ƙamshi. Juye shi a faranti nan take, don zafin tukunya kaɗai na iya ƙona shi.

Kafin ki taɓa sukari, ki shirya komai a gabanki: tire da aka shafa wa mai, kwalba mai santsi ita ma a shafe da mai, da wuƙa. Zuba sukari gwangwani ɗaya da rabi a tukunya, ba ruwa, wuta ƙasa-ƙasa. Zai fara narkewa daga gefe, ki riƙa janyo shi tsakiya a hankali. Matsa lemun tsami 'yan ɗigo. Da zarar ya narke duka ya zama ruwan zuma, lokaci ya yi, kada ki jira ya yi duhu, don ɗaci zai yi kuma ba shi da gyara. Juye riɗin gaba ɗaya, gauraya da sauri, kife a tire, murza da kwalba ya yi faɗi daidai kaurin ɗan yatsa. Ki yanka tun da ɗuminsa, in ya huce sai dai fasawa. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa ƙuna kuma yana manne wa fata, don haka a kori yara daga wajen murhu har a gama. Idan riɗi ya yi tsada, soyayyar gyaɗa da aka murje aka ɗan farfasa tana yin wannan aikin, sai dai ki tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi ko fumfuna ki zubar.

Akwai kuma ɗan ƙullin da nake yi wa wanda na manta da shi sai a ƙurarren lokaci, kuma kullum sai an samu. Busasshen zoɓo cikin hannu biyu, citta guda biyu, kanumfari kaɗan, a ƙulle a farar leda. Minti biyar ya ishe shi.

Saura ado. Kantu ki jera shi a farar leda bayan ya huce sarai, ki ninke bakin ki gifta shi ta gefen harshen kyandir ya manne, iska ba za ta shiga ba. Kwalaben yaji da na mai ki yanka ƙyallen atamfa zagaye, ya ɗan fi murfin faɗi, ki rufa a kai ki ɗaure da zare. Abin mamaki ne yadda tsohuwar kwalbar Bama ke canza kama da ƙyalle ɗaya. Ki sa yara su yanka kwali ƙanana su rubuta "Barka da Kirsimeti" da sunan gidanku. Na 'yan'uwa a coci ana iya ƙara aya, kamar Luka 2:11. Na maƙwabtanmu Musulmi gaisuwar kaɗai nake sawa, kuma da gangan na zaɓi abubuwan da ba nama a ciki, don kada kowa ya tsaya tambayar wa ya yanka. Ki rubuta a jikin kwalbar mai cewa na shafawa ne, don na taɓa jin wadda ta kusa zuba shi a miya. Tsohon da ke fama da ciwon sukari kuma kada a kai masa kantu, a ba shi mai ko zoɓo.

Rabo na fi son yin sa da yammacin 24 ga wata, domin ranar bikin kanta daga coci sai girki sai baƙi. Na tsofaffi ki kai da ƙafarki, ki durƙusa ki gaishe su, ki ɗan zauna. Na maƙwabta ki aiki yara cikin wankansu, ki koya musu abin da za su ce: "Wai in ji Mama, a gaishe da Hajiya, ga wannan ba yawa." Ki ja musu kunne kada su tsaya jiran tukuici a bakin ƙofa, in an ba su su karɓa da hannu biyu su yi godiya. Tiren da kika aika da shi ki ɗaura masa zare a kunne ko ki ɗiga masa jan farce a ƙasa, don a satin nan faranti yawo yake gida-gida, kuma nawa guda biyu har yau ba su dawo ba.