Kurakuran da Aka Fi Yi a kan Farashin Hannun Jari

Sabon shiga yakan ɗauka kamfani ne ke yanka wa hannun jarinsa farashi, yadda mai shago ke yanka wa buhun sukari. Kamfani yana da ta cewa ne kawai lokacin da yake shigowa kasuwa. MTN Najeriya ta shiga kasuwar hannun jari ta Legas a watan Mayun 2019 a kan naira 90. Daga ranar, magana ta koma bakin masu saye da masu sayarwa.

Abin ya fi kama da kara ranar kasuwa. Wani ya taya naira 200, mai kaya ya ce albarka, sai 205. Kwamfutar kasuwa tana jera tayin masu saye daga mafi tsoka, kuɗin da masu sayarwa ke nema kuma daga mafi sauƙi. Inda biyun suka haɗu, ciniki ya faɗa. Lambar da kake gani a wayarka cinikin ƙarshe ne, wanda ya riga ya wuce.

A nan mutane suka fi ƙonewa. Ka ce wa dillali ya saya maka guda dubu goma ko nawa ne, alhali dubu ɗaya kacal aka sallama a 205. Ragowar sai ya hau neman su a 208, 212, har sama. Maganinsa ka ɗaure dillali da iyaka: kada ya wuce kaza. Gara odarka ta kwana ba ta cika ba.

Wasu kuma da sun ga hannun jarin naira 5 sai su ce ya fi na naira 500 arha. Ina! A Agustan 2020 Apple ya raba kowane hannun jarinsa gida huɗu, farashi ya koma rubu'i, kuma ba wanda ya yi asarar kwabo. Ninka farashi da yawan hannayen jarin kamfanin, ka auna da ribar da yake samu, sannan ka yi zancen arha.

Kada kuma hankalinka ya tashi in farashi ya sauka bayan an rufe rajistar masu cin rabon riba. Kuɗin rabon aka cire.

A Legas, farashi ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 10 cikin 100 a rana. Wannan ba garkuwa ba ce. In kowa ya fito sayarwa babu mai taya, kayanka na nan a hannunka, gobe kuma farashi ya sake zamewa. Kafin ka saya, duba guda nawa ake cinikinsu a kullum.