Yadda na gyara zafin injin Land Cruiser bayan na sa masa turbo

Motata Land Cruiser ce mai injin 1HZ, wato injin dizal mai silinda shida da girman lita 4.2, kuma da ita nake kai kaya gonakin riɗi da dawa a wajen Gadarif ta ƙasar Sudan, inda laka ke riƙe taya da zarar damina ta kankama. Da ƙarfinta ya ragu, sai na sa aka sauke injin, aka canza fistan da ringi da gaskit, sannan aka ɗora masa turbo, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi.

Ƙarfi ya samu, amma duk lokacin da na ɗauki kaya masu nauyi sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe, allurar zafi kuma ta haura. Laifin nawa ne, domin ni na matsa wa bakanike ya buɗe famfon mai fiye da kima, alhali ba a ƙera 1HZ don turbo ba, kuma man da ya fi ƙarfin iskar da ke shiga yana iya fasa fistan ko ya tsaga kan injin.

Na fara da sa ma'aunin zafin hayaƙi a farkon salansa, kusa da injin, wanda a ganina shi ya kamata in saya tun kafin turbon. Muka riƙa rage man kaɗan-kaɗan muna gwadawa a hawa da kaya, muka tsayar da matsin iskar turbon a psi 8 (psi ma'aunin matsi ne), muka sa salansa mai faɗin inci 3. Lagireto ma mun same shi cushe da ƙura da ƙaiƙayi, aka wanke shi ciki da waje. Yanzu hayaƙin ya washe, allurar kuma ba ta wuce tsakiya ko da tsakar rana.