Yadda ake zana taswirar ƙasan teku da na'urar multibim

Ita na'urar multibim, mai gano zurfin teku da sauti, lokacin zuwa da dawowar sautin take aunawa. Daga ƙarƙashin jirgi take tura ƙara, ta baje shi dama da hagu kamar mafici, sannan ta saurari amsa-kuwwa ta ɗaruruwan kusurwoyi. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku, wato inda zurfi ya kai mita 4,000, sai ya yi daƙiƙa 5 da ɗoriya kafin ya je ya dawo.

Da farko a daidaita na'ura. A sami wuri shimfiɗaɗɗe da wani mai gangare, a bi layi ɗaya a je a dawo. Idan awon zuwa bai yi daidai da na dawowa ba, akwai karkata tsakanin na'urar da ma'aunin tangal-tangal na jirgi, sai a gyara a kwamfuta. A duba GPS shi ma.

Daga nan a auna saurin sauti, kuma a nan ne ganganci ya fi ɓata aiki. Ɗumin ruwa da gishirinsa da zurfinsa duk suna sauya gudun sauti, har ya lanƙwasa a hanya. Akan zura na'urar CTD, mai auna gishiri da ɗumi da zurfi, da igiya, ko a jefa XBT, wata ƙaramar na'ura wadda ba a ɗauko ta, tana nitsewa tana aiko da awon ɗumi ta siririyar waya. Da zarar ka ga ƙasa shimfiɗaɗɗiya ta murɗe gefe biyu sama a allo kamar bakin mai murmushi, ko ta rusuna ƙasa, to awonka ya tsufa. Sake wani, kar ka yi ƙyuya.

Sai a ja layuka kamar mai huɗa: a je, a juyo, kowane layi ya ɗan hau gefen na baya, don gefen shi ya fi yawan kuskure. A bi tsawon gangare maimakon a haye shi. A ruwa mai zurfi ana amfani da na'ura mai kilohaz 12 (ma'aunin saurin kaɗawar sauti), irin su EM 124 ta kamfanin Kongsberg, kuma kunya ɗaya takan share faɗin kilomitoci. In teku ta yi fushi a rage gudu, domin kumfa na shiga ƙarƙashin jirgi ta toshe sauti.

Dare da rana akwai mai tsaron allo, yana rubuta lokacin fara layi da na gamawa. Bayansa mai tacewa zai zauna da manhaja kamar Qimera ko MB-System, yana tsince ɗigon ƙarya da kumfa ko garken kifi suka haifar, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Aiki ne mai cin ido.

In an kammala, a miƙa bayanan ga shirin Seabed 2030, mai burin zana ƙasan teku duka, na Gidauniyar Nippon da GEBCO, masu haɗa taswirar zurfin tekunan duniya. Lokacin da aka kafa shi a 2017, kashi 6 cikin 100 na ƙasan teku kaɗai aka zana da kyau. Zuwa 2024 an wuce kashi 26.