Babi na 7: Gashin Nama da Kayan Lambu a Kasko Ɗaya

Darasi na 1: Abin da za mu dafa da kayan da za a tanada

Wannan babi na matar da ta yini tana aiki ne, ko a gona ko wajen sana'a, har la'asar ta yi sakaliya ba ta ɗora tukunya ba, ga yara sun dawo daga makarantar allo suna zagaya murhu. Abincin da za mu koya ba ya bukatar tuƙi ko kaɗa miya, kuma a kasko ɗaya kawai za ki gasa komai.

Asalin girkin na Turawa ne. Su suna yanka wani nama da ake kira sosej, su haɗa shi da kayan lambu a farantin ƙarfe, su sa a tanderun zamani mai zafin digiri 200 har kusan minti 40. Sosej niƙaƙƙen nama ne da aka haɗa da gishiri da kayan yaji aka ɗura a cikin hanji. Yawancin wanda ake yi a Turai na alade ne, don haka duk wadda aka kawo mata shi daga birni ta karanta rubutun jikin ledar tukuna, ta tabbatar na shanu ne ko na kaza, kuma an rubuta halal. Ga wani amfanin karatun da kuke zuwa koya. Sai dai sosej yana lalacewa idan babu firij, mu kuwa mun san halin wutar lantarki a ƙauyukanmu, saboda haka za mu yi namu da turmi da taɓarya, mu gasa a kan gawayi.

Domin gida mai mutum 5 ko 6, ki tanadi rabin kilo na tsokar naman sa ko na rago mai ɗan kitse, da dankalin Hausa manya guda 4, da karas 3, da albasa 2, da tattasai 3, da attaruhu 2, da tumatir 3, da kwatan kabeji. Kwata yana nufin a raba kabejin gida 4 a ɗauki ɗaya. Za ki kuma nemi man gyaɗa, da gishiri, da dunƙulen magi 2, da citta, da tafarnuwa, da garin ƙuli-ƙuli. Idan mai gida zai je wajen mahauci ranar kasuwa, ki roƙe shi ya ce a cire jijiya, domin jijiya ba ta dakuwa.

Girkin ya fi sauƙin kuɗi daga hunturu zuwa farkon bazara, lokacin da masu noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga, da na fadamun Haɗejiya suke cika kasuwanni da tumatir da albasa. Dankalin Turawa, wanda akasari daga Filato ake kawo shi, shi ma yana yi a madadin na Hausa, amma ki yanke duk inda ya yi kore ko ya tsiro ki zubar, domin wurin yana da ɗaci kuma yana ɓata ciki.

Ki kwafi waɗannan kalmomi a littafinki sau 3: kasko, dankali, garwashi, minti. Ki lura da harafin ƙ mai lanƙwasa a cikin ƙuli-ƙuli, ya bambanta da k na kasko.

Darasi na 2: Dakan nama da yankan kayan lambu

Ki fara hura gawayi a kurfoti kafin ki taɓa wuƙa, domin ya kama yayin da kike sauran aiki. A tsakar gida za ki ajiye kurfotin. Kada sanyi ya sa ki shigar da shi ɗaki ki rufe ƙofa, domin gawayi yana fitar da wata iska marar wari wadda take kashe mutane suna barci.

Ki yayyanka naman ƙanana, ki zuba a turmi mai tsabta tare da rabin albasa, da ɗan citta, da tafarnuwa, da magi 1, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Ƙaramin cokali shi ne na shan shayi, babban cokali kuma shi ne na cin shinkafa. Ki daka har naman ya haɗe ya yi danƙo, sannan ki zuba garin ƙuli-ƙuli babban cokali 2 ki ƙara dakawa. Ki shafa mai a tafin hannu, ki riƙa ɗiba kina mulmulawa da tsawo kamar babbar yatsarki, ki jera a faranti ki rufe saboda ƙuda. Daga nan ki wanke hannu da wuƙa da sabulu kafin ki taɓa kayan lambu, domin ɗanyen nama yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa.

Ki wanke kayan lambun da ruwa mai tsabta. Ki fere dankali ki yanka shi daidai girman ɓarin goro, karas kuma ya ɗan fi haka ƙanƙanta. Yankan ya zama kai ɗaya, domin idan wani babba ne wani ƙarami, ƙaramin zai ƙone kafin babban ya nuna. Albasa da tattasai da tumatir da kabeji kuwa manya-manya za ki yanka su.

Yanzu ki ɗauko kwano 3. Dankali da karas a kwano na 1. Albasa da tattasai da attaruhu a kwano na 2. Tumatir da kabeji a kwano na 3. Kada ki haɗa su wuri ɗaya da sunan rage wanke-wanke, za ki ga dalili a darasi na gaba.

Darasi na 3: Dankali da karas su ne farkon shiga

'Yan uwa, a nan ne ake samun matsala, saboda haka ki karanta wannan darasi sau 2 da ƙarfi kafin ki ɗora kasko. Na koyar da wannan girki a azuzuwa da dama, kuma a kowane aji kuskuren ɗaya ne: sai mace ta ga mai ya yi zafi, ta juye duk kwanonin nan a lokaci guda kamar mai yin dafa-duka. Ba laifinku ba ne, hannu ne ya saba. Amma dafa-duka da ruwa take nuna, wannan kuwa gashi ne, kuma a gashi kowane abu da lokacinsa. Dankali da karas suna da tauri, zafi yana daɗewa kafin ya kai tsakiyarsu. Tumatir da kabeji kusan duk ruwa ne, cikin minti 5 sun yi laushi. Idan suka shiga tare, tumatir zai saki ruwa, ruwan ya kashe zafin kaskon, sai ki samu albasa ta narke, nama ya warware, dankali kuma yana nan da ƙarfinsa kamar ba a ɗora shi ba.

Ki duba gawayinki. Idan har yanzu harshen wuta yana tashi, ki dakata sai ya zama jan garwashi da farar toka a samansa. Ki ɗora kasko mai faɗi mai kauri, ko tukunyar dalma mai faɗin gindi, ki zuba man gyaɗa babban cokali 4. Idan man ya yi zafi, ki juye kwano na 1 kaɗai, wato dankali da karas. Ki barbaɗa gishiri, ki juya har mai ya shafi kowane yanki, ki baje su kada wani ya hau kan wani. Ki rufe da murfin ƙarfe, ki ɗebi garwashi kaɗan da ludayi ki ɗora a kan murfin, domin zafi ya zo ta sama da ta ƙasa kamar yadda gurasa take gasuwa a tanderu.

Dankali da karas za su yi minti 15 su kaɗai. Na ce su kaɗai. Kwano na 2 yana gefe, kwano na 3 yana gefe, nama yana rufe a farantinsa.

Ga yadda za ki gane minti 15. Ki duba agogon wayarki lokacin da kika rufe kaskon. Lambar da ke hagun ɗigo biyu ita ce awa, ta dama ita ce minti. Idan kika ga 5:10, ki ƙara 15 a kan 10, zai zama 25, saboda haka sai agogo ya nuna 5:25 za ki taɓa wani abu dabam. Idan lissafin ya ba ki wuya a farko, ki rubuta lambobin a ƙasa da tsinke, babu kunya a ciki. Da yawa daga cikinku ba su iya rubuta sunansu ba lokacin da muka fara, yau ga shi suna karanta wannan shafi. A tsakiyar lokacin, wajen minti na 7, ki sa tsumma ki ɗaga murfin a hankali kada toka ta zuba, ki juya dankalin sau ɗaya ki mayar da murfin.

Akwai wata dattijuwa a ajin da ya gabata wadda ta shekara sama da 30 tana girki, tuwonta kuwa ba a magana. Na bayyana mata wannan mataki sau 3, ta ce, “Malama, na gane.” Da ta koma gida sai ta ga magariba ta gabato, ta juye komai. Kashegari ta zo tana cewa abincin Turawa ba shi da daɗi, mai gida ya ture kwano ya nemi fura. Da na tambaye ta me ta fara zubawa, sai ta yi shiru. A karo na biyu ta bi tsari, har ta kawo mana ɗanɗano a aji.

Idan minti 15 sun cika, ki tsira tsinke a cikin dankali ɗaya. Idan ya shiga rabi, ya yi. Idan ya ƙi shiga, ki rufe ki ƙara minti 5, kuma har yanzu kada ki zuba komai. Kada kuma ki zuba ruwa. Na san hannunki zai kai ga moɗa, ki janye shi. Idan kin ji alamar kamu, ki rage garwashin ƙasa ki ƙara mai cokali 1.

Zan faɗa muku gaskiya, ina gajiya da maimaita wannan magana. Wasu suna zuwa aji a makare, su zauna a baya suna hira, sannan su dawo su ce littafin ne bai faɗa ba. To, ga shi a rubuce: dankali da karas su ne farko, minti 15, su kaɗai. Wadda ta haɗa su da tumatir ta ɓata kuɗin cefanen mai gidanta da hannunta, kada ta ɗora wa kowa. Ki rubuta jimlar nan sau 5 a littafinki, ki kawo mini in gani kafin mu wuce.

Darasi na 4: Nama, sannan sauran kwanoni

Ki ture dankalin gefe, ki jera mulmulallen naman a tsakiyar kaskon. Kada ki taɓa shi sai ƙasansa ya yi ja ya saki kaskon da kansa, in ba haka ba zai farfashe. Ki juya shi, ki rufe. Nama zai yi minti 10.

Bayan haka ki juye kwano na 2, ki marmasa ragowar magi, ki juya a hankali, ki rufe minti 10. Sannan kwano na 3 ya shiga, ya yi minti 5 a buɗe domin ruwan tumatir ya tsane. Ki haɗa lissafin: 15 da 10 da 10 da 5 sun zama 40. Idan kin ɗora da 5:10, za ki sauke da 5:50.

Kafin ki sauke, ki raba nama ɗaya gida biyu ki duba cikinsa. Idan akwai ja ko ruwan jini, bai nuna ba, ki ƙara masa lokaci. Dakakken nama ya fi tsire bukatar wannan kulawa, domin dakan ya shigar da ƙwayoyin cutar da ke jikin naman ta waje har cikinsa.

Darasi na 5: Rabawa da ajiya

Ana ci haka nan, ko da gurasa ko burodi idan mutane sun yi yawa. Ki barbaɗa yaji ga manya. Abin da ya rage a rufe shi, a ɗumama shi sosai da sassafe har ya yi tururi, idan kuma ya canza wari a zubar.

Darasi na 6: Idan babu nama

Ki dafa ƙwai ki ɓare, ko ki yanka awara, ki zuba tare da kwano na 3. Sauran duk kamar yadda aka faɗa a baya.

Aikin gida

Me ake fara zubawa a kasko? Minti nawa zai yi? Idan kin rufe kasko da 5:20, da ƙarfe nawa za ki sa nama? Ki rubuta amsoshin ki kawo ranar Litinin.